Adakar Baba: me za a ƙona, me za a bari?

Maman Nana, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ɗakinsa a rufe yake tun bayan zaman makoki, sai yanzu da ƙanenmu zai yi aure Inna ta ce a buɗe a gyara masa. Jiya na shiga. Adakar ƙarfe guda, jakar bakko biyu, kwali huɗu, duk takardu ne. Bil ɗin wuta tun na zamanin NEPA, rasit na kuɗin makarantarmu, katunan asibiti, katunan ɗaurin aure, jaridu, wasiƙu, da wasu rubuce-rubucen ajami da ban iya karantawa ba. Kwali biyu da ke jingine da bango gara ta cinye gindinsu, ina ɗagawa ƙasan ya zube. Niyyata ranar Asabar in tara su tsakar gida in sa musu ashana. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya faɗa mini ta ina ake farawa.

Alhaji na Ƙofar Rini:
Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, ki ƙona. Ki cire takardar gida da satifiket ɗinku, sauran ki ba wuta. Tara takarda ba ya haifar da komai sai ɓera da kunama.

Baba Mai Fansho:
Ɗiyata, kak ki sa wuta tukuna. Jikana ka rubuta min, ni ido ya yi rauni, amma na ce sai na sa baki ga maganar ga. Na yi aikin gwamnati shekara talatin da biyat. An ɗauke ni 1975, muna Jihar Arewa maso Yamma, tun ba a yi jihar Sakkwato ba, ita sai 1976 anka yi ta. Da nib bar aiki 2010, wurin tantancewa abin da anka hwara biɗa shi na takardar kama aiki ta hwarko, sannan ta tabbatarwa, sannan ta ƙarin girma ta ƙarshe. Nawa na nan cikin gafaka, na miƙa na wuce. Abokina da munka shiga aiki rana guda, tashi ta ɓace wurin ƙaura, ga shi aikinai ya bi ta Birnin Kebbi bayan anka hidda Kebbi 1991. Wata da watanni shina safa da marwa bisa takarda guda. Shin Babanku ya taɓa aikin gwamnati? In ya taɓa, an biya hakkinai duka?

Maman Nana, Mabera:
Baba, ya koyar a firamare shekaru da yawa kafin ya koma sayar da hatsi. Maganar hakkinsa kuwa Yayanmu ne ya sani, zan tambaye shi.

Barista:
Allah ya gafarta masa. Hajiya, kafin a zo kan wace takarda za a bari, akwai tambayar da ta riga ta: takardun nan na wane ne? Ba naki ba ne ke kaɗai, ba na Inna ba ne ita kaɗai. Ranar da Baba ya cika suka zama na magada gaba ɗaya. Ko da shara ce zalla kika ƙona, in daga baya aka nemi takardar wata gona aka rasa, sunanki za a kira, kuma ba ki da abin wanke kanki. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Saboda haka kada ki buɗe adakar nan ke kaɗai. In gidanku ɗaki biyu ne ko uku, kowane ɗaki ya kawo mutum guda, a zauna a tabarma ɗaya, a buɗe a gaban kowa.

Sannan duk takardar da ta ambaci ƙasa, kada a taɓa ta. Ba takardar shaidar mallaka ta gwamna kaɗai nake nufi ba. Ita wannan tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kowa ya san darajarta, ba mai jefar da ita. Wadda ake jefarwa ita ce 'yar takardar littafin makaranta da aka yaga aka rubuta ciniki da biro, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu suka dangwala yatsa. A ido kamar shara, a kotu kuwa wani lokaci ita ce uwar shari'ar. Gidaje da yawa a cikin gari ita kaɗai ce tarihinsu.

Ga dalilin da ya sa nake matsawa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi akwai hauzi. Mutum ya riƙe fili shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana gani bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi magana, to da'awarsa ta yi rauni ƙwarai. In tsakanin dangi ne, shekara 40 ake lissafawa. Amma in aro ne, ko jingina, ko amana, tsawon shekaru ba ya mayar da shi mallaka. To me zai nuna cewa aro ne bayan mai bayarwa da mai karɓa da shaidu duk sun kwanta dama? Irin waccan 'yar takardar.

Alhaji na Ƙofar Rini:
Barista, ban musa maka ba, amma da irin wannan tsoron ne gidajenmu suka cika da tarkace. Ni na yi wannan aiki bara a gidanmu. Kwali bakwai na fitar daga ƙarƙashin gadon tsohuwarmu, cikin guda har ɓera ya haihu, kuma a nan kunama ta harbi ƙanwata. Tsohuwa kullum tari saboda ƙura. Da muka tace, abin da ya cancanci ajiya bai cika fayil biyu ba. Ka faɗa mini, bil ɗin wutar da aka biya shekara talatin da suka wuce wa zai tambaye shi? NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa, yau gidaje da yawa mita mai kati suke sa wa. In aka ce wa Hajiya kowace takarda tana iya zama hujja, wallahi mayar da su za ta yi ta rufe, wata shekara goma 'ya'yanta su gaji wahalar.

Barista:
A kan bil kana da gaskiya, Alhaji. A bar na ƙarshe-ƙarshe, musamman wanda ya nuna ba a bin gidan bashi, a kuma bar guda ɗaya mafi tsufa, don yana nuna tun yaushe sunan Baba ke kan gidan. Sauran su tafi. Ban ce a ajiye komai ba. Na ce a duba komai kafin ya tafi.

Malama ta Runjin Sambo:
Ni roƙona ɗaya: ko me za ku yi, kada ku ba yara su kai wa masu ƙosai ko masu tsire. Kwanaki maigida ya sayo tsire, ina warware takardar sai ga kwafin katin ɗan ƙasa na wata baiwar Allah, hotonta, lambar NIN, ranar haihuwa, har lambar waya an rubuta a gefe da biro. Jikina ya yi sanyi. Da irin waɗannan bayanan ne mayaudara ke kiran mutum su ce daga banki suke, su faɗa masa sunansa da ranar haihuwarsa har ya saki jiki. Duk abin da ke ɗauke da lambar asusu, BVN, NIN ko sa hannu, in ba za a ajiye ba, to wuta, kuma a tsaya a kai har ya zama toka.

Inna ta Arkilla:
To ni wutar ga ta ka ban tsoro. Katin ɗaurin aure duk da Bisimilla a samanai. Wasiƙun mutanen dauri da sunan Allah suka hwarawa. Mu dai mun tashi ana gina rami a turbuɗe, ba mu ga ana ƙonawa ba.

Ustaz na Gawon Nama:
Inna, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka taso a kai daidai ne, binnewa a wuri mai tsarki da ba a takawa hanya ce da malamai suka yarda da ita. Ƙonawa ma ta halatta idan niyyar kare alfarmar rubutun ce. Hujjar da ake kafawa ita ce aikin Sayyidina Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda: da aka tattara Alƙur'ani a mushafi guda aka aika biranen Musulmi, ya yi umarni a ƙone sauran rubuce-rubucen, kuma sahabbai suna raye. Abin kiyayewa shi ne kada a haɗa su da sharar gida, a ware su daban, a ƙona su sosai har harafi ya ɓace, sannan a binne tokar. A yi lokacin da iska ta kwanta, kada rabin aya ya tashi ya faɗa kwata.

Amma Hajiya, akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Baba ya yi kasuwancin hatsi, kuma ɗan kasuwa ba ya rasa littafin bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Ayoyin gado kuma sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya masa. Idan akwai wanda yake bin Baba ko mudu ɗaya ne, wataƙila a cikin adakar nan kaɗai aka rubuta shi. Ku karanta kowane littafi da kowace 'yar guntuwar takarda mai suna da adadi. Ku duba ko ya bar wasiyya a rubuce.

Inna ta Arkilla:
Na gamsu, Malam. Allah shi saka.

Maman Nana, Mabera:
Wallahi maganar bashin nan ba ta zo mini a rai ba ko kaɗan. An yi cigiya a wurin jana'iza, mutum biyu suka zo aka biya su, muka ɗauka shi ke nan.

Mai Shagon Kwafi:
Anti, ga ta ɓangarena. Waɗanda kuka zaɓa ku kawo a yi musu sikanin, ko ki ɗauka da waya a wuri mai haske, takardar a shimfiɗe, kusurwa huɗu duk su fito. Ki tura wa kanki ta imel ko ki sa a Google Drive, ki kuma tura wa Yaya. In ta WhatsApp ne ki tura a matsayin fayil, don in kika tura a matsayin hoto yana rage kyansa, ƙananan rubutu su dushe. Kada ki bar su a waya kaɗai, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Rasit irin na POS kuma ku sani ba tawada ba ce a jikinsa, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa ba ya daɗewa, a zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ake haura digiri 40, a hankali yake dushewa har ya koma fari fat. Wanda ke da muhimmanci a yi masa fotokwafi tun yana karantuwa. Sai a yi wa manyan takardun lamineshin a huta.

Barista:
Duk na yarda ban da ta ƙarshe. Kada a yi wa asalin takardar fili ko satifiket lamineshin. Ledar tana mannewa har abada, tana danne hatimin da ake shafawa a ji tudunsa, ba a iya ƙara wani tambari a bayanta, kuma akwai wuraren tantancewa da ke ƙin karɓa saboda ba su iya tabbatar ba a taɓa rubutun ba. A sa ta cikin ledar fayil mai baki, wadda ake zarewa. Hoton waya kuma taimako ne, bai maye gurbin asali ba. A Dokar Shaida ta 2011 asali ake fara nema, in kuwa takardar hukuma ce, kwafin da ita hukumar ta tabbatar ta buga wa hatimi shi ake karɓa.

Mai Shagon Kwafi:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Kullum mutane ke kawowa su ce a yi, ban taɓa hana kowa ba. Daga yau zan riƙa ba da shawarar a yi wa kwafin a bar asalin. Shi rasit na POS dama in ya shiga injin baƙi ƙirin yake fitowa.

Malama ta Runjin Sambo:
Ƙari kaɗan kan satifiket. WAEC ta buɗe hanyar samun satifiket ta intanet a 2022, amma daga na 1999 ta fara. Wanda ya zana jarrabawa kafin nan ya riƙe na takarda da kyau. Haka takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da katin riga-kafin yara, da sakamakon gwajin jini na sikila. Katin ganin likita na zazzaɓin da aka warke tun tuni kuwa ba shi da aiki.

Hajiya ta Gwiwa:
Na yi aikin banki kafin in ajiye. Ku lura da takarda mai kauri mai ado a gefe, da sunan kamfani da adadin hannun jari. Mutanenmu da yawa sun saya, musamman wajen 2004 zuwa 2007, suka jefa a akwati suka manta. Ko sunan bankin ya ɓace kada ku ce ta mutu. Lokacin haɗe bankuna na 2005 an tashi daga 89 an koma 25, sunaye da yawa sun narke cikin wasu. Bank of the North, alal misali, yana cikin waɗanda suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006. Magada suna iya bin sawun jarin da ribar da ba a karɓa ba, sai dai za a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta wakilcin magada. Tsohon littafin ajiya ma a bar shi har a je a tambaya.

Ɗalibin Tarihi:
Anti, tun da kika ambaci ajami hankalina yake can. Don Allah ko kun ga kamar ba shi da amfani kada ya shiga wuta, kuma kada a hargitsa jerinsa. Littattafan malamanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne ake tarawa tsakanin kwali biyu a ɗaure a sa a gafaka. Babu lambar shafi. Abin da marubuci ke yi shi ne ya rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane jeri. In yara suka watsa su, haɗawa sai wanda ya iya. Ki ɗaga warƙa ɗaya ki duba ta a hasken rana. In kika ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasar nan tun ƙarni na 19, wato abin hannunki yana iya girmar Baba da kansa.

Mu a garin nan bai kamata a koya mana darajar wannan ba. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, na Fulatanci da Hausa da Larabci, sun iso gare mu ne saboda zuriyarta a gidan Waziri sun adana su hannu bayan hannu. Ga gidan tarihi na Waziri Junaidu nan cikin gari, ga masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, za su iya duba muku su faɗa muku mene ne. Ko da ya zama lissafin buhunan gero ne kawai Baba ya rubuta, farashin hatsi na shekarun da suka wuce tarihi ne. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a ɗaure da robar kuɗi, zafi na narkar da ita ta manne a jikin takarda.

Alhaji na Ƙofar Rini:
To, ajami a bar shi, na yarda. Wasiƙu fa? A nan ba zan janye ba. A kayan tsohuwarmu na ga wasiƙun da ba su kamata ɗa ya karanta ba, saɓanin da aka yi aka shirya tun ba a haife ni ba. Na karanta biyu na tsaya, na ƙone sauran, kuma ban yi nadama ba. Barista ya ce a buɗe a gaban kowa. In aka buɗe a gaban kowa aka karanta abin da zai tayar da tsohon miki tsakanin ɗakuna fa? Mamaci ma yana da sirri.

Ustaz na Gawon Nama:
Wannan magana ce mai nauyi, Alhaji, kuma suturta mamaci wajibi ne a kanmu. Ina ganin a ba mutum ɗaya babba wanda kowa ya yarda da shi, kamar ƙanen Baba ko ƙanwarsa, ya duba wasiƙun shi kaɗai. Wadda ta ƙunshi haƙƙin wani ya fitar, wadda sirri ce zalla ya ƙone bai faɗa wa kowa ba.

Barista:
Na goyi bayan haka, da sharaɗi guda: takardar aure da takardar saki ba sa cikin sirrin da ake ƙonawa. Ranar da aka rubuta a takardar saki tana iya yanke hukuncin ko mace tana cikin magada ko ba ta ciki.

Baba Mai Fansho:
Kuma in kun gama, adakar ga a ɗora ta bisa bulo, a janye ta ga bango. Gara daga ƙasa taka tahowa. Mu munka ga ruwan 2010 da yac cinye gadar hanyar jami'a mun san abin da ƙasa ka yi ma takarda. A zuba busasshen ganyen dogon yaro ciki. Kowace shekara in damina ta wuce a buɗe a sha iska.

Maman Nana, Mabera:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari. Ba mu ƙona ranar Asabar ba, zama muka yi, ni da Yaya da ƙanwarmu ta ɗakin Gwaggo Amarya, Baffa yana kan kujera yana kallo. Tun bayan hantsi har la'asar, jiya Lahadi muka ƙarasa. Alhaji, gaskiyarka, kwali huɗu da bakko ɗaya duk sun tafi, masu sunan Allah daban, tokar mun binne gindin dogon yaron ƙofar gida. Wasiƙu Baffa ya tafi da su. Abin da ya rage ya shiga adakar har da sauran wuri.

Barista, mun sami takardar cinikin gidan nan, a cikin wani tsohon littafin rajistar 'yan makaranta take a ninke huɗu. Da kwalin na ɗauka gaba ɗaya na jefa wuta da ta tafi. Ajamin kuma Baffa ya karanta mana wasu, yawanci addu'o'i ne da lissafin hatsi, sai wani ɗauri guda da ya ce ya fi ƙarfinsa, na kakanmu ne, ba mu taɓa jerinsa ba.

Amma ga abin da ya hana ni barci. A littafin bashin Baba duk sunan da aka biya ya ja masa layi. Akwai guda ɗaya da babu layi: wani mutumin Bodinga, fam shida, an rubuta "na karɓa aro". Tun ana kashe fam ke nan. Inna ta ce ta san sunan, abokinsa ne, ya daɗe da rasuwa, amma ba ta san ko an biya ba.

Hajiya ta Gwiwa:
Kafin Janairun 1973 ke nan, lokacin da naira ta shigo aka canza fam ɗaya a naira biyu. A lissafin takarda naira 12 ce, amma kowa ya san abin da fam shida ke saya a lokacin ba shi naira 12 ke saya yau ba.

Ustaz na Gawon Nama:
Hajiya, wannan ba a yanke shi a waya. Ku fara neman magadansa ku nuna musu littafin. Wataƙila a gidansu akwai wanda ya san an biya, wataƙila su yafe, wataƙila ku daidaita a kan abin da zuciyar kowa ta kwanta da shi. In ana buƙatar ƙiyasta adadi, ku zauna gaban malami ku da su.

Maman Nana, Mabera:
To Malam. Baffa ya ce ya san unguwarsu, kuma yana jin babban ɗansa na nan da rai. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci shi da Yaya za su tafi Bodinga da littafin. Ɗan'uwa mai tarihi, ka turo mini lambarka ta gefe, ina so ka zo ka ga ɗaurin kakanmu kafin mu kai shi ko'ina.

Ɗalibin Tarihi:
Na turo, Anti. Kafin in zo a bar shi cikin gafakarsa yadda kuka same shi.